Mama Phoebe, an gama birkin motarki

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina ƙarƙashin motarki a garejina da ke Romi, 'yarki Eunice ta kira ni ta ce Ubangiji ya ɗauke ki a asibiti. Na daɗe kwance a wurin, na kasa fitowa.

Mama, duk wanda ya san ƙauyukan bayan Kakau ya san tsohuwar jif ɗinki. Bayan kin bar aikin nas, kin ƙi zama gida. Da kanki kike tuƙi, kina ɗauko mata masu naƙuda daga inda ko keke-napep ba ya shiga. Lokacin da matata Becky ta sha wahalar haihuwa, ke kika tsaya a kanta har aka ji kukan ɗiyarmu. Tun daga ranar kike kirana ɗanki.

A damunar bana kika shigo gareji, laka har gwiwa. Kin haye rafi da wata mai ciki a baya, da kika zo gangara kika taka birki, motar ta ƙi tsayawa, sai da kika kara ta da kunyar gona. Na buɗe tayoyin baya na nuna miki. Birkin dram ne, a rufe yake kamar tukunya, ruwa da taɓo sun shiga sun zauna. Na ce in aka mayar da shi na dis, mai faifai a buɗe, zai riƙa zubar da laka yana bushewa da wuri. Amma na roƙe ki ki huta har ruwa ya ɗauke.

Kika ce, "Filibus, ciki yana jiran rani ne? Canja mini shi."

Na yi ta zarya zuwa kasuwar Panteka kafin na samu kayan da suka dace. Na yanka ƙarfen da zai riƙe birkin, na ja sabon bututun mai, na yi ta fama da birkin hannu. Ana cikin haka rashin lafiya ta kama ki. Kina kwance a asibiti ma ba ki bar ni ba. Maganarki ta ƙarshe da ni a waya ita ce, "Ka gwada ta a cikin ruwa, ba a kan kwalta ba."

Bayan jana'iza na ƙarasa aikin. Na kai ta rafin nan, na haye, na sauko gangarar, na taka. Ta tsaya cak. Na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka. Wasu mata da ke wanki suka gane motar, suka taho a guje suna kiran sunanki. Ni ne na faɗa musu.

Allah ya ji ƙanki, Mama. Yesu da kika bauta wa ya ba ki hutawa a wurinsa. Mijinki Baba Benson, Eunice da ƙannenta, da matan zumuntar cocin Sabon Tasha, Ubangiji ya share muku hawaye. Matan da ke jiran haihuwa a hayin rafi kuma, Allah ya sauke su lafiya. Amin.