Titin da Ba na Gwamnati Ba

Ni ce na karanta wa Baba takardun gidan da muka saya a garin Pleasant Garden, a Amurka. Ina shekara ta biyu a jami'a, kuma a gidanmu duk wata doguwar takardar Turanci ni ake miƙa wa. Na bi su shafi-shafi. Kusa da ƙarshe na ga an rubuta cewa titin tsakuwar da ya bi ta ƙofar gidan ba na gwamnati ba ne, masu gidajen da ke kansa ne suke gyara abinsu.

Ranar sa hannu, a ofishin lauya, Baba ya gaya wa Mama cewa nan Amurka ce, kafin shekara ta zagayo za a zuba wa titin kwalta. Ban taɓa gyara wa Baba magana a gaban baƙi ba. Na yi shiru, ya sa hannu.

A watan Janairu dusar ƙanƙara ta rufe titin. Kwana biyu Baba bai je aiki ba, yana tsaye a taga yana jiran motar gwamnati ta zo ta share. A rana ta uku na kawo masa shafin, na karanta masa.

"Kin san da wannan tun kafin in sa hannu?"

"Na sani, Baba."

Bai yi faɗa ba. Ya fita ya aro shebur a wurin maƙwabci. Na tsaya ina kallonsa ta taga, ban ji komai a raina ba. Tun daga ranar bai ƙara ba ni takarda in karanta masa ba.