Wankan Jegon da Ban Yi Mata Ba

Ɗiyata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka tashi muka tarar a Dogarawa: ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Da aka yaye ta, yayata ce ta ɗauke ta, sai da ta isa shiga lakwal, makarantar boko, ta dawo wurina a Konni, inda mahaifinta yake aikin buro, wato ofis. Yayata take kira Inna, ni kuwa Mama. Ina son yarinyar nan kamar raina, amma iyakata da ita "ke" da "zo nan". Abin da nake rarrashin zuciyata da shi guda ne: idan ta yi cikin fari za ta dawo gida goyon ciki, ni zan yi mata wankan jego, kwana arba'in hannuna a jikinta, ba mai cewa na yi rashin kunya.

Ciwon hanji ya kama ni tun tana budurwa. Da farko kowa ya ce atuni ne, daga baya aka ce basir. Na sha saiwoyi har harshena ya daina sanin ɗaci. Sai da na rame, jini ya ƙi tsayawa, maigida ya kai ni Yamai aka leƙa cikin da na'ura. Likitan ya ce jikina ne da kansa yake yaƙar hanjina, ciwon ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Ya lafa wata da watanni, ya tashi ranar da ya ga dama.

Da shi kaɗai ne, da da sauƙi. Ƙwayar da ke kwantar da hanjin ita ta tayar mini da ciwon suga, ga gwiwoyi da wuyan hannu suna kumbura. Maganin ciwon gaɓoɓi da kowa ke saya a bakin kasuwa an hana ni shi, domin yana ɓalle jinin ciki. Abinci ma haka. Farar shinkafa da tataccen koko cikina yana karɓa, suga kuwa ya hau. Wake da zogale da likita ke yabo ga masu suga, ni idan na ci su kwana nake tsakanin ɗaki da makewayi. Fura da nono na bar su tuntuni. Na zama kamar mai riƙon akuya biyu da igiya ɗaya, kowace da inda take ja.

Ɗiyar tawa ta auri wani soja da aka turo Illela. Shekara ba ta cika ba aka aiko mini tana da ciki, kuma a lokacin ciwon ya lafa. Na sayi amalanke guda na itace daga wani mutumin Bazaga, na sa aka jibge shi bayan ɗaki. Na tanadi babbar tukunya, da kanwa, da gero, na daka yajin jego da hannuna ina hutawa ina komawa. Cikinta na wata bakwai mijinta ya kawo ta, farkon damina.

Sati biyu muka yi cikin daɗi. Ban yi mata wata doguwar hira ba, amma ina zuba mata tuwo in zauna nesa kaɗan ina satar kallonta. Sai ciwon ya tashi, ba tare da na ci wani abin da ya saɓa ba. Murɗa, jini, zazzaɓi. Na ƙara ƙwaya kamar yadda aka koya mini, suga ya yi sama har idona ya riƙa ganin hazo.

Wata safiya ban kai makewayi ba. Na sake zane, na cusa wanda ya ɓaci a bayan randa, na kwanta ina jiran ƙarfi ya dawo in wanke. Barci ya ɗauke ni. Da na farka na jiyo ƙarar ruwa a tsakar gida. Na leƙa, sai ga ta a tsugune, ta ware ƙafafu saboda ciki, tana cuɗa zanena a cikin roba.

Na ce, "Ke, aje wanga abu. Wa ya sa ki?"

Ta ce, "Mama, ki koma ki kwanta. Mi ne a ciki?"

Ba ta ko ɗago kai ba. Da ta zo miƙewa sai da ta dafa bango, ta riƙe ƙugu. A ranar na gaya wa maigida ya kira yayata a waya.

Yayata ta iso washegari don ta tafi da ita Dogarawa. Ɗiyar ta ƙi haɗa kaya. Ta zauna a bakin gadona tana cewa, "In na tahi, wa za ya duba ki? Baba shina buro wuni guda."

Na ce, "Kin zo a duba ki ne, ba ki duba wani ba. Bi Innarki."

Na juya fuskata bango don kada ta ga idona. Na ji ta daɗe a tsaye kafin takalminta ya yi waje. Kwana biyu bayan tafiyarsu aka kwantar da ni asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa da ƙarin jini. Ina gida ina jinya aka bugo cewa ta sauka lafiya, an samu mace.

Ranar suna na ce sai na je. Don kada in tsayar da mota a hanya, ban ci komai ba tun daren jiya, amma na sha maganin suga kamar kullum. Muna gab da Malbaza gumi ya karyo mini, muryoyin fasinja suka yi nisa. Wata mata da ke kusa da ni ta gane abin, ta tura mini dabino a baki tana yi wa direba tsawa ya tsaya. Na isa Dogarawa da hantsi, an riga an raɗa suna. Mata na guɗa a tsakar gida, ni ina kwance a ɗakin yayata.

Da la'asar na ji an sauke tukunya a bayan zana, ƙamshin dafaffen ganye ya cika gidan. Na lallaɓa na fita. Ɗiyar tana zaune a kan turmi, tururi ya rufe ta, yayata ta ɗaure ɗankwali a ƙugu.

Na ce, "Yaya, ba ni ganyen."

Ta dube ni, ta miƙo. Na tsoma shi a ruwan zafi na kaɗa wa ɗiyar a baya. Bayan nata ya yi faɗi, ba na yarinyar da na sani ba. Na sake tsomawa, wuyan hannuna ya ƙi ɗaukar nauyin jiƙaƙƙen ganye, cikina kuma ya murɗa irin murɗar da ba ta jira. Na tsaya ina cije leɓe.

Ba ta waiwayo ba, ta ce, "Ya isa, Mama. Na ji hannunki."

Na ba yayata ganyen, na nufi makewayi. Daga can nake jin sauran wankan, fat, fat, har aka gama. Washegari maigida ya maido ni Konni, domin ranar ganin likita ta zo.

Ɗiyar ta ƙara haihuwa biyu bayan wannan, duka a Illela, uwar mijinta ta yi mata wanka. Goyon ciki na fari ne kawai, ba ya maimaituwa. Yanzu ciwon yana lafawa ya daɗe, na san abin da zan ci kafin in hau mota da gidajen da zan iya yin sallama a hanya idan ta matsa. Wani lokaci nakan ce da na bar ta ta zauna, mu yi jinyar juna yadda Allah ya hore. Wani lokaci kuma in tuna yadda ta dafa bangon nan, in ce gara da ta tafi. Har yau ban tsayar da magana ɗaya ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba.