Kwamin Kadiri Mahauci

A unguwar Changli ta garin Tamale, in ka tambayi tsofaffi labarin Kadiri mahauci, ba wuƙarsa za su tuna ba, sai kwamin shayar da dabbobi da ya gina a ƙofar gidansa. Gajere ne, mai saurin fushi, ko ciniki yake yi sai ka ce rigima ce. A fawa ya tashi, kuma doka ɗaya ubansa ya bar masa: kada ka ɗora wa dabba wuƙa sai ka ba ta ruwa ta sha.

Shekara talatin yana riƙe da wannan doka, sai ranar da Gana ta sami 'yancin kai ya karya ta. Tamale ta cika maƙil, ganguna ta ko'ina, kowane gida na son nama, ga rana kamar ta fasa kai. Aka kawo masa wata farar karsana da aka koro a ƙafa daga arewa, hancinta ya bushe ƙamas. Garwar ruwa na nan gefe, wallahi taku uku ne, amma masu saye sun tsaya masa a ka suna ta ihu. Da ya sunkuya zai ɗaure ta, sai ta miƙo harshe ta lashi gumin bayan hannunsa. Ya gani sarai. Ya yi bisimilla ya yanka.

Tun daga ranar bai sake alwala cikin kwanciyar rai ba. Ruwa na taɓa bayan hannun nan sai ya ji kaushin harshenta, sau biyar kullum. Ya ajiye fawa ya koma noman doya, ya sayi siminti ya gina kwami. Wanda ya san Tamale da rani ya san darajar ruwa, amma Kadiri ya riƙa ɗauko garwa huɗu daga madatsar ruwa kowace safiya, don awakin mutane da jakai da shanun fatake. Maƙwabta suka ce ya zama baran akuya. Ya zage su tas, ya ci gaba da ɗiba.

Liman ya taɓa ce masa, "Kadiri, Allah Mai gafara ne, ka sassauta wa kanka."

Ya ce, "Na sani, Malam. Ita karsanar fa? Da wane ido zan dube ta ran gobe ƙiyama?"

Tsoronsa ke nan, ba mutuwar ba. Kuma abin mamaki, mutumin ya yi laushi. Ya koyi cire wa tumaki kaska, ya san wace akuya ce ke da ciki, yara suka daina gudunsa.

A rani na shida ciwo ya kwantar da shi. Ranar ƙarshe, da hantsi, matarsa Azeta ta ga leɓensa ya tsage, ta kawo moɗa bakinsa. Ya kau da kai.

"An zuba a kwami?"

"Haba maigida, sha tukuna."

"Su fara sha."

Ta san halin mijinta, gardama ba ta da amfani. Ta dire moɗar, ta ɗauki garwa ta fita tana hawaye. Ta juye ruwan, awaki suka taso, har da wata farar karsana da ba ta taɓa gani a unguwar ba. Ta sha, ta sha, kamar ba za ta ɗago ba.

Da Azeta ta koma ɗaki, Kadiri ya cika. Moɗar na nan cike yadda ta bar ta, leɓensa a bushe. Ta kama hannunsa za ta miƙar masa, sai ta ji bayan hannun a jiƙe sharkaf.

Mata suka ce gumin fitar rai ne. Azeta ba ta musa ba. Amma har ta mutu, ba ta taɓa kai ruwa bakinta da safe ba sai ta cika kwamin nan.