Ba a Mayar da Tarago Wayam

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, na bar gidana na dawo garin Lafiya jinyarsa. Bayan an sallame shi daga asibiti ƙafar ta saki, bakin ma ya miƙe, amma hannun dama ya ƙi. Yana motsi kaɗan, yatsun na rawa, sai dai ba ya iya riƙe loma. Baba kuwa tun ina yarinya kullum bayan magariba ake fitar masa da kwanonsa ƙofar gida, su yi ciyayya da abokansa 'yan kasuwar doya. Ya ce shi ba zai zauna gaban mutane yana cin tuwo da hagu ba, kuma ba mai ba shi a baki. Sai ya koma ci a ɗaki, ƙofa a rufe, ya ɗan taɓa ya ture kwanon. Ina ji ina gani yana ramewa. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jariri ba ne, ya cilla shi ƙarƙashin gado. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi masa. Taurin kai dai a wurinsa na gaje shi, don haka babu wanda ya sauko.

Da rana idan ya kishingiɗa, nakan zauna a ɗakinsa da kwamfutar da ƙanena ya bari. Akwai wani wasan jirgin ƙasa a ciki, na dakon kaya. Ba a harbi, ba a tsere. Kai ne direba, kai ne mai haɗa tarago. Akwai gona mai ba da masara, akwai kamfanin niƙa da ba ya motsi sai ka kai masa masarar, akwai gari mai jiran fulawa. Idan ka makara a wuri ɗaya, sauran duk su tsaya suna kallonka. Ni abin da ya ja ni, a wannan duniyar aƙalla idan ka yi abin da ya kamata, abu yana tafiya.

Ban san yana kallo ba. Wata rana na sauke masara a kamfani, na juya da taragon zan koma gona, sai na ji murya daga gado.

“Uwata, me kika sa a ciki?” Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

Na ce, “Ba komai, Baba. Wata masarar zan ɗebo.”

“Haka za ki mayar musu da shi wayam? In maƙwabta suka aiko mana da abinci, haka uwarki ta koya miki ki mayar da kwano?”

Na ce wasa ne fa, babu kowa a gonar. Ya ce ko ma wane ne, shi ya noma. A zamanin da jirgi ke tsayawa a tashar Lafiya, ya ce, ya loda doya da riɗi, kuma bai taɓa ganin ɗan kasuwar kirki da ya bar tarago ya koma babu ko buhun gishiri ba. Raina ya ɓaci, amma rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ciwon. Na tsayar da jirgin.

Muka shiga neman abin da gona za ta karɓa. Ashe taki take karɓa. Takin yana wata rugar shanu can ƙarshen layi da ban taɓa zuwa ba, su kuma shanun ba sa ba da komai sai an kai musu dusa, dusar tana bayan kamfanin niƙa a jibge, ni ban ma kula da ita ba. Baba ya sa aka jingina shi da filo. Ya raɗa wa gonar suna Adogi, kamfanin ya zama Kwandere, rugar ta zama Arikya, duk sunayen garuruwan yankinmu. Daga ranar na zama yarinyar aikensa. “Ki kai dusa Arikya tukuna. Ki rage gudu, kaya gare ki. Yi hon, akwai hanyar mutane.” Babu mutum ko ɗaya a hanyar, amma sai na yi.

A hankali ya karɓi maɓallan gudu da birki da hagunsa. Canza layi kuwa da mawus ake yi, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, kuma yana ɓangaren dama. Wannan aikina ne. Bai taɓa kai hannu ba, ni ma ban ce ya kai ba, don na san halin kayana.

Ranar da muka fara samun taki cike da tarago, da la'asar ne. Mun taso daga Arikya, Baba sai murmushi yake da gefen baki. Muna gangarowa mararrabar da layi ke rabuwa, ɗaya Adogi ɗaya cikin gari, sai na jiyo ƙaurin miya. Na tashi a guje na ce ya taka birki ya jira ni. Gangara ce, idan ya ɗaga yatsa daga birkin jirgin zai zarce.

Na sauke tukunya na dawo, na tsaya a bakin ƙofa. Hagunsa na kan birki. Hannun daman ya jawo shi daga cinya ya ɗora a kan mawus, yana turawa da dukan kafaɗarsa. Kibiyar mawus ɗin a fuskar kwamfutar ta wuce wurin canza layin, ya dawo da ita, ta sake wucewa. Zufa ta jiƙe masa wuyan riga. Ƙafata ta yi ta son shiga, na riƙe labule na hana ta. Can yatsan ya danna, layin ya juya. Ya saki birki a hankali, ya kai takin har cikin Adogi, ya tsaya daidai inda ake saukewa.

Bai waiwayo ba ya ce, “Uwata, na san kina nan. Miyar ta ƙone?”

Na ce ta ɗan kama.

Aka yi magariba, na ɗauko kwanonsa zan shiga ɗaki kamar kullum, sai na same shi a tsakar gida da sanda, ya sa hula. Ya ce in kai waje. Na shimfiɗa tabarma, abokansa suka matsa suka ba shi wuri, sai wani tsoho mutumin Kwandere ya ce, “Alhaji, miyar gidanka ta yi ƙauri yau.” Suka yi dariya. Na laɓe a zaure ina leƙe. Ya wanke hannun dama, ya gutsuri tuwo, lomar ta faɗi a tabarma. Tsohon ya kawar da kai yana zancen farashin doya. Baba ya sake kai hannu cikin kwanon.