Cinyar Saniya a Gidan Hajje

Na shiga Njamena da ƙullin kaya ɗaya da wuƙar mahaifina naɗe cikin tsohon zane. Mijina ya rasu, na gama takaba, ɗakina a gidansu ya zama na wani, sai ƙanena mahauci da ke zaune a unguwar Kilemat ya aika a taho da ni. Abin da na fi tunawa a hanyar shi ne gadar da ake hayewa daga Kusiri. Ruwa na kwance a ƙasa fari fat, masu kwale-kwale suna tafiya a kansa ba ka ganin motsin hannunsu. Har yau in na lumshe ido, a kan gadar nan nake samun kaina.

Sati biyu ina cin tuwon gidan ƙanena ya fara tsaya mini a wuya. Ba wanda ya ɓata mini, matarsa har ruwan wanka take kai mini. Ni ce dai ban saba a ciyar da ni ina zaune ba. Na ce masa ko a samo mini aiki, ko in bi motar fataken da ta kawo ni in ta juya, ko da a ɗakin girki zan riƙa kwana can gida.

Ya kama hannuna zuwa ƙofar gida, ya nuna mini wasu magidanta uku a gindin darbejiya suna shan shayi. Ya ce duk daga wajenmu suka zo, kowanne da takardarsa ta makaranta, amma da Turanci aka rubuta, ofisoshin nan kuwa Faransanci suke ci.

"To ke Yaya, da ko alif ba ki sani ba, ina zan kai ki?"

Na ce ni ban zo da takardar da za a ƙi ba, hannu na zo da shi.

Matarsa ce ta tuno da wata Balarabiya a unguwar Abena, Hajje ake ce mata, mai sana'ar sharmut, wato busasshen naman da mutanen garin ke miya da shi. Ta ce mata ne ke yanka mata, kuma ɗaya ta tafi haihuwa. Murna ta kama ni. A garinmu mace ba ta yanka naman shanya, aikin maza ne. Amma ni tun ina ƙarama nake leƙen mahaifina ta ramin zana yana buɗe naman kilishi, har hannuna ya haddace, in ba kowa a gida in gwada da guntun da aka bar wa miya.

Da hantsi muka isa, ni da matar ƙanena. Tsakar gidan faɗi gare shi, an ja igiyoyi daga katanga zuwa katanga, nama na reto a kai, shirwa na kewayawa can sama a hankali kamar barci take ji. Ƙamshin turaren wuta ya gauraya da ƙarnin jini. Hajje ta fito cikin lafaya ruwan toka, za ta gaisuwar rasuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta sa aka ajiye mini cinyar saniya a kan tabarma, ta yi magana da Larabci ta fita. Matar ƙanena ta ce an ce in yanka na shanya, da la'asar za a dawo a gani. Ita ma ta koma gida dafa abinci.

Ni mai kallo ce, da shi nake taƙama. Na kalli matan nan huɗu da ke aikin, na kalli abin da suka rataya: sili-sili, kauri kamar yatsa, wani dogo wani gajere. Na ce a raina, Allah sarki, ba a koya musu ba, kuma ga ganda. Na ƙudura yau za su ga yadda ake yi wa nama.

Na wasa wuƙar, na cire kitse da jijiya, na ɗora tsoka a tafin hannu na fara buɗewa. Wuƙa na shiga, nama na warwarewa kamar ana kwance rawani. Daga nan ban ƙara jin Larabcin matan ba. Na koma bayan zanarmu, ina jin tarin mahaifina da kukan kurciya a kan tsamiya, rana na faɗowa ta ramukan zana a kan ƙafafuna. Da na ɗago kai inuwa ta juya. Su sun gama cinya bibbiyu, ni ko rabin ɗaya ban kai ba. Na nemi asabarin da zan shimfiɗa ban gani ba, sai na rataya a igiya. Fallayen suka riƙa kaɗawa kamar wanki, biyu suka yage suka faɗo ƙasa. Matan suna rufe baki da gefen mayafi. Na ɗaure fuska, na ɗauka hassada ce.

Hajje ta dawo tare da matar ƙanena. Ita matar ƙanena da ta ga igiyar sai ta dafe kai.

"Yaya, me kika yi haka? Ai sharmut dakawa ake yi a turmi a zuba a miyar kuɓewa. Wa zai zauna yana yi masa wannan ado?"

A nan na gane matan nan daidai suke yi, ni ce baƙuwa. Na ɓata wa mutane rabin cinya da yini guda. Na fara naɗe wuƙata, ina tunanin gadar nan da yadda ruwan zai kasance in ana haye ta ta baya.

Hajje ta ciro falle ɗaya ta ɗaga shi saitin rana, ta sa hannunta a baya. Lallen yatsunta ya fito ta cikin naman, ja a cikin ja. Ta daɗe tana juya hannun. Sannan ta tambaya wa ya koya mini. Na ce ba wanda ya koya mini, leƙen mahaifina na yi. Aka faɗa mata, ta yi dariya har haƙorinta na zinariya ya bayyana. Ta nuna mini mafi tsufa cikin matan, ta ja fatar idonta da yatsa, ta ce gobe in zauna kusa da waccan in yi irin leƙen da na yi wa ubana.

"Ambakir," ta ce. Ita ce kalmar Larabci ta farko da na riƙe, wai gobe.

Yankan kauri ya fi ba ni wuya fiye da yadda na zata. Hannuna ya riƙa zamewa yana son ya buɗe, tsohuwar ta riƙa bugun bayan hannuna da ƙotar wuƙa, ni da ba a taɓa buguna ba tun ina budurwa. Na haɗiye. Motar fatake ta juya ba ni a ciki. Kafin damina na kama ɗakina a Abena, na fara aika wa gidan ƙanena tuwo ranar Juma'a.

Na haura shekara goma a tsakar gidan nan. Kowace babbar salla, in an yanka ragon Hajje, sai ta ware cinya ɗaya ta ajiye mini a kan tabarma in yi mata yankan kilishi, ta sa a jingina asabarin da ta saya musamman. Sai ta ja kujera ta zauna inda za ta riƙa ganin hannuna.