Kwalbar Mushe a Cikin Firigona

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da mai gidana ya durƙusa gaban mahaifiyata, ya miƙa mata guba da hannu biyu yana yi mata sannu da zuwa. Shekaru sun shuɗe, amma har gobe in na tuna sai haushin ya dawo mini sabo fil.

Mai gidan nawa mushe ne, haka muke kiran malamin boko, yana koyarwa a wata lakkwal, wato makaranta, a nan Dogon Dutsi. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai yana fama da ciwon na-fi-kowa-sani. A zamanin da har mai tallar gyaɗa ke ɗaukar hoto da waya, shi sai ya tafi Yamai ya sayo wata tsohuwar kyamara mai cin fim, irin na baƙi da fari. Kuma ba hoton takarda yake so ba. So yake fim ɗin kansa ya zama hoto, ya sa shi a na'ura ya haska jikin bangon tsakar gida, maƙwabta su taru su ce kai, Mushe ya iya. Ya yi ta yi mini bayani har na haddace ba da sona ba. In an wanke fim karon farko, komai a juye yake fitowa, farin rawani ya zama baƙi. Sai an zuba wani ruwa ya cinye baƙin nan, a nuna wa fim haske, a sake wankewa, sannan hoto ya fito daidai. To, ruwan nan mai cinye baƙi shi ne ya kusa raba ni da mahaifiyata.

Bikromat ake ce da maganin. Gari ne, yana dama shi da ruwa ya ɗiga masa ruwan batir, sai ya fito jawur-jawur, sak kalar lemun da nake sayarwa. Ni kuwa sana'ata ke nan, bisap, wato zoɓo, da lemu nake ɗurawa a tsofaffin kwalaben roba, in sanyaya a firigo.

Yana da wani aboki, shi ma mushe ne a Tibiri, wannan ciwo na fim ya kama su tare. Wata rana ya zo mana, ina jin su daga madafa.

"Malam, ka rabu da bikromat ɗin nan," in ji abokin. "Yana cin fata, yana kashe ƙoda, har ciwon daji yana kawowa. Gida mai iyali ba wurinsa ba ne. Ni na koma parmanganat, aikinsu guda."

Mai gidana ya tuntsire da dariya har yana buga cinya. "Parmanganat? Wanda mata ke wanke ganyen salati da shi? Haba! Ni da na sayo kyamara daga Yamai, in ɓuge da maganin wankin ganye? To sai ka haɗa mini da tumatir da albasa."

Abokin bai yi fushi ba. Ya ce gaskiya ne parmanganat yana da laulayi, in ruwa ya yi ɗumi yakan sa fim ya saɓule, kuma in ka haɗa shi ba ya ajiyuwa, a take za ka yi aiki da shi ka zubar. Nan fa mai gidana ya samu abin kamawa. Ya ce ka ji, nasa kuwa in ya haɗa sau ɗaya sai ya yi ta amfani da shi, aikin ƙwararru ke nan. Abin da ya ɗauka falala, shi ne bala'in, don abin da ke ajiyuwa sai an nema masa wurin ajiya.

Da bazara ta kama, zafin Dogon Dutsi kowa ya san shi, ruwan randa ma kamar na wanka. Fim kuwa ruwa mai sanyi yake so. Ina buɗe firigona wata safiya sai na ga baƙuwar kwalba can ciki, ɗaya daga cikin nawa, cike da ruwan nan. Na yi tsalle na dire. Na ce wallahi ba a firigon da nake ciyar da mutane ba. Ya dube ni da irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ya ce, "Madam, ba ki ga na liƙa takarda ba?" Ai kuwa ya liƙa. Gargaɗi ne da Faransanci, da jan biro, har da ja masa layi, a gidan da rabin masu buɗe firigon ba su san bihim ba. Na fitar da ita ya fi a ƙirga, in na juya baya ya mayar. Magana ɗaya ce kullum, gobe zai gama aikin ya ɗauke.

Mahaifiyata kuwa a Kiyeshe take zaune. Tsohuwa ce irin ta da, kuma tana da wata ɗabi'a da ta gada wurin tata uwar. Duk abin da aka ba ta na sha, sai ta ɗan tsiyaya a ƙasa kafin ta kai baki, ta ce rabon ƙasa ne. Mai gidana ya tsani abin nan. Ba ya iya faɗa a gabanta, suruka ce, amma tana tafiya zai fara yi mini lacca. Camfi ne, jahilci ne, ragowar zamanin duhu ne, ya kamata in wayar mata da kai. Shi da ke ajiye guba kusa da bisap, shi ne mai wayar da kan mutane.

Ranar da abin ya faru tun safe kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Kwalabe suka yi ta gumi a firigo, takardar Mushe ta jiƙe ta zame ta faɗi ƙasa, ba wanda ya sani. Da azahar sai ga Inna, mahaifiyar tawa, a kan babur ɗin kabu-kabu, ba ta aiko ba, ta jiƙe sharkaf da zufa. Ina tsakar tuƙin tuwo, hannuna duk gari, sai ta ja tabarma ta zauna kusa da ni a bakin murhu, ta ce in gama tukuna. Ba a jima ba mai gidan ya shigo daga lakkwal. Da ya hango ta sai ya tuɓe takalmi, ya ce subhanallahi, an bar Inna ba ruwa? Ya yi wuf ya shige ɗaki, ya zura hannu can cikin firigo inda sauran sanyi yake, ya ɗauko kwalba. Kun san kunyar suruki a wurinmu, kai a sunkuye, ido a ƙasa. Haka ya taho, bai dubi abin da ke hannunsa ba, ya durƙusa ya miƙa mata.

Ni ma na ga kwalbar, na ɗauka lemuna ne. Inna ta ce Allah shi yi albarka, ta murɗe murfi, ta yi bisimilla. Sai ta karkata kwalbar kamar kullum, ta tsiyaya kan tokar da na kwashe daga murhu. Ina gani da idona mai gidan ya ɗan taɓe baki.

Tokar ta ce cuuu, ta kama tafasa tana kumfa.

Inna ta tsaya da kwalbar a gaban haɓarta. Ta ce, "Ke, wanga lemu naki mi kika sa mishi? Toka ma ta ƙi shi."

Ban san lokacin da na yar da muciya na doke kwalbar daga hannunta ba. Ruwan ya fantsama a gefen zanenta. Na fasa ihu ina salati, ina zuba mata ruwa a hannu buta bayan buta, ina tambayarta ko ta kai baki, tana cewa a'a. Shi kuwa gwanin, mai jan biro, yana nan durƙushe kamar an dasa shi. Abin da na faɗa masa a ranar ba zai rubutu ba. Ban taɓa ɗaga masa murya gaban mahaifiyata ba sai ran nan, kuma ko yau ban yi nadama ba.

Da aka yi wa Inna bayani, ba ta yi faɗa ba. Ta dubi tokar, ta ce, "Ashe yau ƙasa ba rabonta ta amsa ba, nawa ta ɗauke mini."

Washegari da kansa ya hau babur zuwa Tibiri. Abokin ya nuna masa yadda ake kashe ƙarfin sauran gubar kafin a rabu da ita, ya koya masa aiki da maganin wankin salatin da ya raina. Shi ma ba abin sha ba ne, kalarsa ma ta bisap ce, amma ba a ajiye shi. A ranar aiki yake haɗa ɗan kaɗan a bayan gida, ya sanyaya a kwano da ƙanƙarar da yake saye a wurina, ya gama ya zubar nesa da mutane da dabbobi. Hotuna kuma suka fito tas, ba wanda ya taɓa duban bango ya ce yana jin ƙamshin salati. Laccar camfi kuwa, tun daga ranar ban sake jin ta ba.

Ni dai na san Allah ne ya kiyaye, ba toka ba. Amma na koyi cewa mai raina abu don ya gan shi a hannun mata ko tsofaffi, girman kansa yake karewa, kuma wani ne zai sha dafin. Inna ta yafe masa, sai dai ta kafa masa doka. Har ta koma ga Allah, duk ranar da ya kawo mata abin sha, sai ta mayar masa da kwalbar ta ce, "Sha ka ba ni, Mushe." Suruki, a gaban surukarsa, a durƙushe, sai ya kurɓa tukuna. Ta karɓa, ta tsiyaya wa ƙasa nata, sannan ta sha.