Takardun Ƙafar Yaya

Tipar wani ɗan kwangila ce ta kaɗe yayana a kan kekensa, yana komowa Zoza daga kasuwar Karaye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ƙafar ta warke a karkace. Mutumin da ke wuni duƙe da fartanya ya koma dogara sanda.

Ni ne ɗan bokon gidanmu, malamin firamare mai biro biyu a aljihun gaba. Don haka ni aka danƙa wa takardar 'yan sanda da katin asibiti, in nemo wa Yaya diyya. Wani magatakardan kotu da muke zaman majalisa ɗaya ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kada ka yi sanya. Ƙarar rauni tana da wa'adi." Na ce ai na sani. Ban sani ba, kuma girman kai ya hana ni tambayar tsawonsa.

Ɗan kwangilar kuwa ya iya zama da mutane. Ya zo dubiya da goro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa wa mahaifiyarmu. Ni kuma "Hedimasta" yake ce mini, alhali ko mataimaki ban kai ba. Da wane ido zan kai ƙarar wanda ya zo har ɗaki ya yi mana jaje? Duk na je ofishinsa sai a kawo mini lemo mai sanyi, ya ce bayan kaka za a duba Yaya. Kaka huɗu ina shan lemo.

Sai da ɗan kwangilar da mutanensa suka kwashe kayan aikinsu suka bar yankin na hau mota zuwa Kano wurin lauya. Ya duba kwanan watan da ke jikin takardar, ya turo mini ita. "Kun makara. Komai gaskiyarku, kotu ba za ta saurara ba. Ina kuka shige duk shekarun nan?"

Na tarar da Yaya a zaure yana ɓarar gyaɗa, ƙafar a miƙe. Na faɗa masa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Wa'adin nan, an rubuta shi a takardar?"

"A'a, Yaya."

"Kuma ba wanda ya faɗa maka?"

Na sunkuyar da kai, na ce babu.

"To ba laifinka ba ne, Malam. Tashi ka ci abinci, ka sha hanya."

Kunya kamar in nutse, amma na tashi na ci. Har ya rasu yana ba mutane labarin wahalar da na sha a kan ƙafarsa, ina zaune ina ji.